Sani Kafin Magana: Darasi a Kan Masu Sauya Jinsi da Matsayinsu Cikin Tafiyar LGBTQ

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, Wanda Ya halicci ɗan Adam Ya girmama shi, Ya haramta zalunci tsakanin bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya kai ɗan'uwa matashi, ka sani akwai wata magana da ta cika rediyo da wayar hannu a zamanin nan, watau maganar masu sauya jinsi. In an tayar da ita a majalisar samari, sai ka ji kowa yana da fatawa. Wannan ya ce ɗan daudu ne, wancan ya ce ɗan luwaɗi ne, wani ya ce mata-maza ne, kamar dai duk abu guda ne. To, ba abu guda ba ne. Allah Maɗaukakin Sarki Ya hana mu bin abin da ba mu da saninsa a Suratul Isra'i, aya ta 36, Ya kuma gaya mana za a tambayi ji da gani da zuciya. Wanda ya cuɗanya abubuwa huɗu ya ba su suna ɗaya, lalle zai ɗora wa wani laifin da bai yi ba. Wannan darasi domin rarrabe su ne, saboda ka riƙe addininka bisa ilmi, kada kuma ka zalunci kowa da sunan addini.

Fasali na ɗaya: Ma'anar harufan

Harufan nan da kake gani, LGBTQ, farkon wasu kalmomin Turanci ne. Na farko yana nufin mata 'yan maɗigo. Na biyu maza 'yan luwaɗi. Na uku masu sha'awar maza da mata duka. Na huɗu, watau T, shi ne masu sauya jinsi. Na biyar kuwa waɗanda ba su yarda a sa su ƙarƙashin wani suna ba, ko kuma suna cikin kokwanto game da kansu.

Ka lura da kyau a nan. Harufa uku na farko maganar sha'awa ce: wa mutum yake so. Harafi na huɗu kuwa maganar yadda mutum yake jin kansa ce. Mai sauya jinsi shi ne wanda aka haifa namiji, gaɓoɓinsa cikakku, amma yana cewa a zuciyarsa shi mace ne; ko aka haife ta mace, tana cewa ita namiji ce. Da yawansu suna cewa tun suna yara suke jin haka, kuma abin yana jefa su cikin ƙunci mai tsanani. Wani iyakarsa sauya suna da tufafi. Wani ya sha maganin da ke fito da gemu da kaurin murya, ko wanda ke fito da nono. Wani ya kai ga tiyata. Ba dukansu ne ke yin tiyata ba, kuma ba dukansu ne ke neman jinsin da aka haife su da shi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya a dā tana lissafa wannan hali cikin cututtukan ƙwaƙwalwa. A shekarar 2019 ta cire shi daga nan, ta mai da shi babin lafiyar jima'i, sabon tsarin kuma ya fara aiki a 2022.

Fasali na biyu: Yadda aka yi suka haɗu

To, in abu biyu ne daban, me ya haɗa su? Tarihi ne ya haɗa su, a Turai da Amurka.

A shekarar 1919 wani likita Bajamushe, Magnus Hirschfeld, ya buɗe cibiyar bincike a birnin Balin, inda ake duba 'yan luwaɗi da masu sa tufafin ɗaya jinsin, har aka fara gwada tiyatar sauya jinsi. 'Yan Nazi suka wawashe cibiyar a watan Mayu 1933, suka ƙone littattafanta. A ƙarshen 1952 jaridun Amurka suka cika da labarin wani tsohon soja da aka yi wa tiyata a ƙasar Danmak, da sabon suna Christine Jorgensen. Daga nan ne talakan Amurka ya fara jin akwai irin wannan abu. A 1966 asibitin Jami'ar Johns Hopkins ya buɗe sashen wannan tiyata, ya rufe shi a 1979.

A wancan zamani birane da yawa na Amurka suna da dokar hana namiji sa tufafin mace. San Faransisko ta kafa tata tun 1863. Luwaɗi kuma laifi ne a kusan dukan jihohi. Saboda haka ɗan sanda guda ne ke kama wannan, ya kama wancan, a mashaya guda. Ka san Bahaushe ya ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Wanda aka kora daga gida da wanda aka kora daga aiki suka taru wuri ɗaya, suka zama 'yan uwan wahala.

A daren 28 ga Yuni 1969 'yan sanda suka kai samame wata mashaya mai suna Stonewall a birnin Niyok. Mutanen ciki da na kan titi suka yi turjiya, aka kwana da yawa ana tarzoma. Bayan shekara guda, a Yunin 1970, aka yi jerin gwano domin tunawa da wannan dare, shi ya sa har yau watan Yuni ne watan bukukuwansu. Cikin waɗanda suka yi suna a wannan lokaci akwai Marsha P. Johnson da Sylvia Rivera, waɗanda aka haifa maza suna shigar mata. A 1970 su biyun suka kafa ƙungiyar da ke ba yaran da iyaye suka kora wurin kwana. Ka riƙe wannan, za mu komo gare shi.

Fasali na uku: Gida ɗaya, ɗaki daban daban

Kada ka zaci zaman lafiya suka yi. 'Yan luwaɗi masu aikin ofis suna so su nuna wa jama'a cewa su kamar kowa suke, saboda haka suna jin kunyar masu shigar mata. A taron 1973 a Niyok, sa'ad da Rivera ke ƙoƙarin magana, taron ya dinga ihu. Harafin T bai zauna sosai cikin sunan tafiyar ba sai a shekarun 1990.

A 2007 aka kawo wa majalisar wakilan Amurka ƙudurin hana korar mutum daga aiki saboda waɗannan halaye. Da aka ga ƙuri'u ba za su isa ba, ɗan majalisa Barney Frank, wanda shi kansa ɗan tafiyar ne, ya cire masu sauya jinsi daga ciki. Ƙudurin ya wuce majalisar wakilai a haka, bai dai zama doka ba, amma ya bar gaba mai zafi tsakaninsu. A Ingila, babbar ƙungiyarsu da aka kafa a 1989, wadda ita ma ake kira Stonewall, ba ta shigar da masu sauya jinsi cikin aikinta ba sai 2015. Bayan shekara huɗu, a 2019, wasu suka ɓalle suka kafa LGB Alliance, suka yar da harafin T da gangan.

Hukumomi ma ba su tsaya kan magana guda ba. A Yunin 2020 Kotun Ƙolin Amurka ta ce korar mutum daga aiki domin ya sauya jinsi saɓa doka ne. A Afrilun 2024 rahoton likita Hilary Cass a Ingila ya ce hujjar ba yara maganin tsayar da balaga mai rauni ce. A Janairun 2025 shugaban Amurka ya sa hannu a umarnin cewa gwamnatin tarayya jinsi biyu kawai ta sani. A Afrilun 2025 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke cewa kalmar mace a dokar daidaito ta 2010 tana nufin wadda aka haifa mace.

To, ka gani. Su kansu masu abin, a ƙasashensu, suna jayayya ko tafiyarsu guda ce. Yaya kai za ka zauna a bakin titi ka ƙulle su duka da igiya ɗaya, har ka haɗa da maƙwabcinka?

Fasali na huɗu: Abin da malamanmu suka rarrabe tun da can

Wannan rarrabewa ba mu koye ta daga Turawa ba. Malaman Musulunci sun riga su da ɗaruruwan shekaru.

Na farko, hunsa, watau mata-maza. Shi ne wanda aka haifa da gaɓoɓin da ba su fito sarari ba, ko yana da alamun maza da mata. Wannan halittar Allah ce, ba shi da laifi ko na ƙwayar zarra. Duk almajirin da ya sauke Muhtasar na Shehu Halilu ya san da hukuncin hunsa aka rufe littafin. Malamai suna duba ta inda fitsari ke fita, da fitowar gemu ko nono, da haila ko maniyyi. In alama ta rinjaya, an gane matsayinsa. In ba ta rinjaya ba, shi ne hunsa mushkili, kuma a mazhabar Maliku ana ba shi rabin gadon namiji da rabin gadon mace. Ga misali: mutum ya rasu ya bar naira 120,000, magadansa ɗa guda da hunsa guda. Da hunsan namiji ne, 60,000 zai samu. Da mace ce, 40,000. Sai a haɗa rabin wannan da rabin wancan, a ba shi 50,000, ɗan ya ɗauki 70,000. Ka ji ko? Shari'a ta zauna ta yi masa lissafin haƙƙinsa har kobo. Ba ta ce a ɓoye shi a ƙuryar ɗaki ba. A yau wasu suna ƙara harafin I cikin jerin nan domin mata-maza, amma haihuwa a haka ba ta sa mutum cikin wata ƙungiya.

Na biyu, muhannas, watau namiji mai tafiya da magana irin ta mata. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa akwai wani irin wannan a Madina, ana ce da shi Hitu, yana shiga wurin matan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, domin ana ɗaukarsa cikin waɗanda ba su da bukatar mata. Ranar da Annabi ya ji shi a ɗakin Ummu Salama yana siffanta jikin wata mace ta Ɗa'ifa, sai ya hana shi shiga. Ka duba: ba a hana shi domin muryarsa ba, sai da abin da ya faɗa ya nuna ya san sirrin mata. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa an kawo wani da ya ƙunsa lalle hannu da ƙafa, Annabi ya sa aka fitar da shi zuwa Naƙi'u; da aka nemi izinin kashe shi, ya ƙi, domin mai salla ne. Wasu malamai sun inganta wannan ruwaya, wasu sun yi magana a kan isnadinta.

Gaskiya ne Buhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas la'ana ga maza masu kamanta kansu da mata, da mata masu kamanta kansu da maza. Amma Imamu Nawawi, wanda ya rasu shekara ta 676 bayan Hijira, ya kasa muhannas kashi biyu a sharhinsa na Muslim: wanda aka halitta haka, ba zargi a kansa, da wanda ya ɗora wa kansa da gangan, shi ne abin zargi. Ibnu Hajar, wanda ya rasu a 852, ya ƙara da cewa na farkon ana umartarsa ya yi ƙoƙarin bari sannu a hankali, in ya yi ƙoƙari ya kasa, ba laifi a kansa.

Na uku, aikin luwaɗi. Wannan aiki ne, haramcinsa sananne ne, ba ya kuwa tabbata a kan mutum da tafiyarsa ko muryarsa.

Fasali na biyar: Fatawoyin wannan zamani

Tiyatar sauya jinsi sabon abu ce, saboda haka malaman zamani ne suka yi magana a kanta. A 1988 wani ɗalibin likitanci na Jami'ar Azhar ya yi wannan tiyata, Masar ta ɗauka. Muftin ƙasar na lokacin, Shehu Muhammad Sayyid Ɗanɗawi, ya ba da fatawa cewa tiyata ta halatta in likita amintacce ya tabbatar za a bayyana abin da ke ɓoye ne a halittar mutum, ba ta halatta ba domin son rai kawai. A 1989 Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa ta zauna a Makka, ta yanke cewa wanda gaɓoɓinsa suka cika, namiji ko mace, bai halatta a juya shi ba, domin ya shiga canza halittar Allah da aka ambata a Suratun Nisa'i, aya ta 119. Hunsa kuwa ya halatta a yi masa magani ko tiyata bisa abin da ya rinjaya a jikinsa. Wannan shi ne abin da jumhurun malaman Sunna suke kai, shi ne kuma muke karantarwa.

A Iran, Khumaini ya halatta tiyatar a tsakiyar shekarun 1980, alhali dokar ƙasar tana hukunta luwaɗi da kisa. Fatawarsa ba hujja ba ce a wurinmu, amma tana nuna maka ana iya raba maganar T da sauran harufan. A Fakistan majalisa ta yi doka a 2018 wadda ta ba mutum damar zaɓen jinsinsa a takardun hukuma. A Mayun 2023 Kotun Shari'a ta Tarayya ta soke wannan sashe, ta bar haƙƙin mata-maza.

Fasali na shida: 'Yan daudu

Mu a ƙasar Hausa mun san 'yan daudu tun kafin harufan nan su zo: masu sayar da abinci a tasha da kasuwa, masu alaƙa da bori da gidajen mata masu zaman kansu. Wani Ba'amurke mai nazarin harshe, Rudolf Gaudio, ya zauna da su a Kano a shekarun 1990, ya rubuta cewa suna ɗaukar kansu maza ne, da yawansu suna aure suna haihuwa. Ashe ke nan ɗan daudu ba shi ne mai sauya jinsi na Amurka ba. Abin da yake yi na kwaikwayon mata da gangan, da bori, da kawalci, muna wa'azi a kansa, ba mu fasa ba. Amma sunan daudu shi kaɗai ba shaidar luwaɗi ba ne a gaban alƙali.

Fasali na bakwai: Abin da ke kanka

Na ɗaya, ka kame harshenka. Risala ta Ibnu Abi Zaidin, wadda kake karantawa a zaure, ta bayyana cewa wanda ya kira mutum ɗan luwaɗi ana yi masa haddin ƙazafi. Bulala 80 ke nan, kamar yadda Suratun Nur, aya ta 4, ta tanada ga wanda bai kawo shaidu huɗu ba. Kai da ka jefi mutum da kalmar cikin raha, kai ne shari'a za ta fara kamawa.

Na biyu, ka bar izgili. Suratul Hujurati, aya ta 11 da ta 12, ta hana ba'a, da laƙabin banza, da mugun zato, da bin diddigin asirin mutane. Ɗaukar hoton wani a ɓoye, a watsa a WhatsApp ana dariya, ya tara dukan huɗun a aiki guda.

Na uku, hukunci na alƙali ne. A Janairun 2014, watan da aka sa hannu a dokar Nijeriya mai ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi guda, taron jama'a suka yi ta jifan wata kotun shari'a a Bauchi ana cikin sauraron ƙarar wasu da ake tuhuma, har aka tsai da zaman. Wanda ya jefi kotun shari'a da dutse, wace shari'a yake karewa? Ka tuna mafarauta 16 'yan Arewa da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a Maris 2025, bisa zato kawai. Yadda abin ya yi maka zafi, haka yake ga uwar duk wanda taro ya kashe. Suratul Ma'ida, aya ta 8, ta hana ƙiyayyar wasu mutane ta sa mu bar adalci.

Na huɗu, in abin a gidanku ne. In an haifi yaro mata-maza, a kai shi asibiti, yanzu ana gwajin jini da hoton ciki. Ba boka ba, ba ɓoyo ba. In ƙaninka ne ka ga tafiyarsa da maganarsa sun karkata, duka da kora ba su gyara kowa ba. Ka tuna inda Rivera da Johnson suka samo mutanensu: yaran da iyaye suka kora. Yaron da aka kora daga gida, tasha ce za ta rene shi. Ka ja shi a jiki, ku tafi masallaci tare, ka koya masa sana'a, ka tsare shi daga masu cin zalinsa.

Na biyar, in kai ne kake fama da wannan a zuciyarka, ka saurara. Ya tabbata a hadisi ingantacce cewa Allah ba Ya kama bawa da abin da zuciya ta raya masa matuƙar bai aikata ba, bai furta ba. Jarrabawa ce, haƙuri a kanta kuwa lada ne. Kada ka bar salla, kada ka yanke ƙauna daga rahamar Allah, kada ka cuci kanka. Ka nemi malami mai riƙe asiri da likita mai amana, ka gaya musu.

Wani zai ce, Malam, wannan ba sassauci ba ne? A'a. Haram tana nan haram, ba mu da ikon taɓa ta. Amma Wanda Ya haramta canza halitta Shi ne Ya haramta ƙazafi da izgili da zubar da jini. Ba ka da izinin ɗaukar hani guda ka taka uku. Ahlus Sunna an san su da sanin gaskiya da jin ƙan halitta, duka biyun tare.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon binta, Ya tsare harsunanmu da hannuwanmu daga haƙƙin bayinSa, Ya shiryi zuriyarmu, Ya yaye wa duk mai ƙunci ƙuncinsa. Allah ne Mafi sani. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Amin.